Dashen na'urar ji ga yaran da kurumtarsu ta zo da wata larura: me ake samu, da wane ma'auni ake aunawa?

A cikin kowane yara goma masu kurumta ta dindindin, uku zuwa huɗu ba kurumtar kaɗai suke ɗauke da ita ba. Wani ƙwaƙwalwarsa na jinkirin koyo, wani gaɓoɓinsa a sandare suke, wani ganinsa na dusashewa, wani farfaɗiya ke kayar da shi, wani kuma otizim ne, larurar da ke sa hulɗa da mutane ta yi wa yaro wuya, da ba za a gane ba sai ya kai shekara uku ko huɗu. Wannan kaso ya sha fitowa a ƙididdigar da Jami'ar Gallaudet ta Amurka ta daɗe tana yi kan yara kurame, haka ma a binciken wasu ƙasashe. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya lalata kunnen jariri, ko ciwo ne ya kama shi tun yana ciki, ko zuwa ya yi bakwaini, ko sanƙarau ne, sau da yawa ba a kunnen yake tsayawa ba.

Saboda haka duk asibitin da ke dasa wa yara na'urar ji, kullum sai ya yi karo da wannan tambaya: yaron nan da kurumta ba ita ce babbar matsalarsa ba, a yi masa ko a bari? In an yi, me za a ce wa iyayensa su sa rai a kai?

Abin da na'urar ke yi, da abin da ba hurumin ta ba ne

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwan nan uku, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, naɗinta zagaye biyu da rabi, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000. Aikinsu shi ne mayar da girgizar sauti ta zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. A ɗan Adam, in waɗannan ƙwayoyi suka mutu ba sa sake tsirowa. Na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne ƙara kawai take yi, tana dogara da ragowar ƙwayoyin da ke raye. In babu ragowar kirki, duk ƙarar banza ce.

Na'urar dashe tsallake su take yi gaba ɗaya. Kashi biyu ce. Na waje yana da makirufo da 'yar kwamfuta mai tace sauti da wani faifai mai maganaɗisu da ke mannewa a gefen kai. Na ciki ana binne shi ƙarƙashin fata a bayan kunne ta hanyar tiyata, daga jikinsa a zura siririyar waya cikin katantanwar. A jikin wayar akwai ɗigogin lantarki, 22 a na kamfanin Cochlear, 16 a na Advanced Bionics, 12 a na MED-EL, kowanne yana zungurar sashen jijiya na daban gwargwadon kaifi ko kaurin sautin. Ɗigo 22 a madadin ƙwayoyi dubbai: sautin da ke isa ba irin na mai lafiyayyen kunne ba ne, kuma abin mamaki shi ne yadda ƙwaƙwalwar yaro ke iya gina harshe cikakke daga ɗan wannan.

A nan gizo ke saƙar. Na'urar saƙo take kaiwa bakin jijiya, shi ke nan aikinta. Ɗaukar saƙon na jijiya ne. Gane cewa wannan sauti muryar uwa ce, wancan rufe ƙofa ne, da haɗa sauti da ma'ana, da riƙe kalma a zuciya, duk aikin ƙwaƙwalwa ne. Furta kalmar kuma aikin leɓe ne da harshe da maƙogwaro da numfashi. Yaron da kurma ne kawai, wuri ɗaya ne ya katse a wannan jeri, an gyara shi sauran na jira a shirye. Yaron da ke da ƙarin larura, mai yiwuwa wuri biyu ko uku ne suka katse, na'urar kuma ɗaya tak ta san gyarawa.

Yadda aka fara da rufe musu ƙofa

Tun 1957 André Djourno da Charles Eyriès suka zunguri jijiyar jin wani kurma da lantarki a Faris, ya ji wani abu mai kama da sauti. William House ya ci gaba da gwaji a Los Anjeles daga 1961. Na'ura mai ɗigogi da yawa, kakar ta yau, ta fito ne daga hannun Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977 da Graeme Clark a Melbon a 1978. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa yara 'yan shekara biyu zuwa sama a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan wata 9 a 2020.

A farkon lamarin, asibitoci zaɓe suke yi. Fasahar sabuwa ce, ana ta kokwanto a kanta, al'ummar kurame da dama na adawa da ita, masu aikin kuma na son nuna cewa yaro zai iya yin magana da ita. Sai suka riƙa ɗaukar yaran da suka fi alamar za su yi maganar. Yaro mai taɓuwar ƙwaƙwalwa ko otizim, yawanci akan ce bai cancanta ba. Ma'aunin nasara a lokacin shi ne yawan kalmomin da yaro zai iya maimaitawa in an karanta masa ba tare da ya kalli baki ba. Duk wanda ba zai iya zama ya yi wannan jarabawa ba, tun kafin a fara ya faɗi.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko, an fara gwada wa wasu daga cikin yaran, aka ga suna amfana, ko da ba irin amfanin da ake aunawa ba. Na biyu ya fi ƙarfi: da aka fara gwajin ji ga jarirai tun a asibitin haihuwa, shekarun dashe suka yi ta sauka, har ya zama ana yi wa jariri ɗan wata goma ko sha biyu. A wannan shekarun babu likitan da zai rantse cewa yaro ba shi da otizim ko jinkirin fahimta. Ashe ko an so ko ba a so ba, ana dasa wa irin waɗannan yara, sai daga baya a gane.

“Ƙarin larura” ba abu ɗaya ba ne

Babban kuskuren da ake yi a wannan magana shi ne tara yaran duka a rukuni guda. Yaron da zai makance da yaron da ba ya iya riƙe wuyansa ba abin da ya haɗa su sai kurumta.

Ɗauki larurar Usher nau'i na ɗaya. Ana haifar yaro kurma ƙurmus, yana jinkirin tafiya saboda sashen daidaita tsayuwa na kunnen ciki ba ya aiki, sannan wajajen shekara goma ya fara rasa gani da dare, ganin ya yi ta ƙuntata. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Irin wannan yaro yana cikin waɗanda suka fi cin moriyar dashe, kuma ya fi kowa buƙatarsa a kunne biyu, domin ranar da idon zai gaza, karanta leɓe da kallon maganar hannu za su yi masa wuya. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ba da shawarar dashe a kunne biyu ga yara tun 2009, ta kuma faɗaɗa hakan ga manya makafi saboda dogaronsu da ji.

Sanƙarau kuma matsalarsa gaggawa ce. Bayan ciwon, cikin katantanwar kan fara toshewa da tsoka mai tauri sannan ta koma ƙashi, wani lokaci cikin 'yan makonni. In ta daskare, zura wayar ya zama aiki, wani sa'in ma rabinta kawai ke shiga. Shi ya sa ake son a gwada jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau tun kafin ko da zarar an sallame shi, in an tabbatar da kurumta a yi tiyata ba tare da jan ƙafa ba. To amma sanƙaran da ya cinye kunne ya kan bar tabo a ƙwaƙwalwa, kuma girman tabon ba ya bayyana sai bayan watanni. Dole a yanke shawara kafin a san komai.

Akwai ƙwayar cutar CMV, wadda mutane da yawa ba su taɓa jin sunanta ba alhali ita ce kan gaba wajen haddasa kurumtar jarirai da ba ta gado ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan jariri ɗaya cikin 200 ake haifa da ita a can, kuma ɗaya cikin biyar daga cikinsu na samun matsala mai ɗorewa. Uwa kan kamu ba ta sani ba, ta wuce wa ɗan tayi. Wani jaririn kunne kawai take taɓawa, wani kuma har da ƙanƙantar kai da farfaɗiya da sandarewar gaɓoɓi. Kurumtarta na da wayo: jariri na iya cin gwajin farko, jin ya riƙa raguwa daga baya. Sannan sai an yi gwajin fitsari ko yawu cikin kwana 21 na farko ake iya tabbatar da cewa da ita aka haife shi. A yaran CMV, hoton ƙwaƙwalwa ya fi gwajin kunne faɗin yadda za ta kaya.

Larurar CHARGE, wadda aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, CHD7, a Holan a 2004, ita ce ciwon kan likitocin tiyata. Ido, zuciya, hanci, girma, al'aura da kunne duk tana iya taɓawa. Katantanwar kan zo ba cikakkiya ba, jijiyar da ke motsa fuska kan bi wata hanya daban da inda aka saba ganinta, ga shi kuma dama ta kusa da ita ake ratsawa a wannan tiyata. Sa irin wannan yaro barci ma kansa haɗari ne saboda matsalar maƙogwaro da zuciya. Mafi muhimmanci, a da yawa daga cikinsu jijiyar ji siririya ce ƙwarai ko babu ita sam.

Wannan batu na jijiya yana cikin 'yan wuraren da amsa kan zama a'a kai tsaye. In hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu, ya nuna babu jijiya, na'urar ba ta da wanda za ta miƙa wa saƙo. Akwai wata na'urar daban da ake ɗorawa a gindin ƙwaƙwalwa kai tsaye, wadda House da William Hitselberger suka fara sa wa wata babbar mace a 1979, daga baya Vittorio Colletti ya fara yi wa yara a Italiya. Amma wannan tiyatar ƙwaƙwalwa ce, sakamakonta bai kai na dashen katantanwa ba, kuma a yara masu ƙarin larurar fahimta ya fi rauni. Inda aka fi ruɗewa shi ne in jijiyar na nan amma siririya, ko hoton bai nuna ta ba alhali yaron na ɗan amsa sauti mai ƙarfi. Da yawan asibitoci kan gwada dashen, bayan sun gaya wa iyaye a fili cewa abin da za a samu na iya tsayawa a jin motsi kawai.

Bakwaini da jaririn da shawara ta yi wa tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa suna yawan zuwa da wani nau'in kurumta mai rikitarwa: katantanwar na amsa sauti, amma saƙon na isa ƙwaƙwalwa a hargitse. Yaron na iya jin ƙara, amma ba ya gane magana. Wasu bakwainin ma jinsu kan gyaru da kansa yayin da jijiyoyinsu ke nuna, don haka ake maimaita gwaji kafin a taɓa su da wuƙa. In matsalar a mahaɗar ƙwayoyin gashi da jijiya take, dashe na yin aiki sosai. In a jijiyar kanta take ko sama da ita, sai yadda hali ya yi.

Larurar Down, wadda ake haifar yaro da ita tana jawo jinkirin fahimta, ba ta buƙatar dogon bayani a nan, domin yawancin matsalar jin yaran da ke da ita ta taruwar ruwa ce a kunnen tsakiya, wadda ba dashe ne maganinta ba. 'Yan kaɗan ne ke kaiwa ga buƙatarsa, su ma sai an duba zuciya da ƙashin wuya kafin tiyata. Haka duk jariri kurma da ba a san dalilin kurumtarsa ba, ya kamata a yi masa gwajin bugun zuciya, saboda larurar Jervell da Lange-Nielsen da ke haɗa kurumta da rikicewar bugu mai iya kisa farat ɗaya.

Me bincike ya nuna

A Ostareliya akwai wani dogon bincike mai suna LOCHI da aka fara a 2005, yana bin yara kusan 450 masu matsalar ji tun suna jarirai. Daga abin da ya fito, yaran da ƙarin larurarsu ta shafi ƙwaƙwalwa, wato otizim da sandarewar gaɓoɓi da jinkirin fahimta, sun fi baya a harshe idan aka kwatanta su da waɗanda larurarsu ta gani ce ko ta wata cutar jiki. Binciken asibitin yara na Sinsinati a Amurka ya zo da abu mai kama da haka: abin da ya fi hasashen yadda harshen yaro zai kai ba sunan larurarsa ba ne, ƙarfin fahimtarsa ne da ake aunawa ba da magana ba, ta hanyar wasa da haɗa siffofi da warware ƙananan matsaloli.

Wannan na da amfani ta fuska biyu. Yaro mai sandarewar gaɓoɓi da ba ya iya furta kalma ko nuna hoto da yatsa, amma hankalinsa garau, zai iya fahimtar magana kamar kowa bayan dashe. Jarabawar da ke neman ya maimaita kalma za ta ba shi sifili, alhali yana jin komai. A ɗaya ɓangaren, yaro mai tsananin jinkirin fahimta, ko da kunnensa lafiya aka haife shi, mai yiwuwa da ba zai yi jimla mai tsawo ba. Dashe ba zai kai shi inda lafiyayyen kunne ma ba zai kai shi ba.

Don haka ma'aunin da ya dace, a ganina, shi ne wannan: a kwatanta yaron da takwaransa mai irin larurarsa amma mai ji, ba da yaron da kurumta kaɗai ke damunsa ba. In yaro ɗan shekara biyar fahimtarsa ta ɗan shekara biyu ce, harshensa kuma ya kai na ɗan shekara biyu, na'urar ta yi aikinta cif. In fahimtarsa ta ɗan huɗu ce harshensa na ɗan ɗaya, akwai giɓin da ya kamata a bi sawu: saitin na'urar ne bai yi ba, ko ba ya sanya ta, ko ba a yi masa magana isasshiya, ko hanyar koyarwar ce ba ta dace da shi ba. Haɗarin da na fi tsoro ba yawan buri ba ne. Shi ne a jingina kowane koma-baya ga larurar, a ce ai dama haka yake, a daina bincike. Masu binciken Sinsinati sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan yara harshensu na ƙasa da abin da fahimtarsu za ta iya ɗauka.

Akwai kuma ribar da jarabawar kalmomi ba ta kamawa, amma iyaye suka fi ambata. Yaro ya waiwaya in an kira sunansa. Ya daina firgita in an taɓa shi daga baya, domin ya ji takun mai zuwa. Ya yi shiru in uwarsa ta yi masa waƙa daga wani ɗaki. Ya ji an ce “bari” ya tsaya. Ya fara guna-guni da murya don jan hankali maimakon buga kai. Ga yaron da ba ya gani sosai kuma ba ya iya motsawa ya je inda abu ke faruwa, sauti ne kusan igiyar da ta rage tsakaninsa da mutanen gidan. Akwai ma'aunai da aka ƙirƙira don irin wannan, kamar wanda Sue Archbold da abokan aikinta suka fitar a Nottingham a 1995, mai hawa-hawa daga rashin lura da sauti har zuwa magana ta waya. Hawa ɗaya ko biyu a kansa, ga wani yaron, babban abu ne.

Sai dai a yi adalci: yawancin binciken da ake da shi kan waɗannan yara ƙanana ne, yara goma ko ashirin a asibiti guda, larurorinsu a gauraye, kuma waɗanda aka hana dashen ba sa cikin lissafi. Rahoton iyaye ma, mutumin da ya sha wahalar kai ɗansa tiyata ba zai so ya ce ba ta yi amfani ba.

Otizim, inda aka fi shan wuya

Kurumta na ɓoye otizim. Yaro ba ya amsa kira, ba ya magana, yana wasa shi kaɗai, kowa sai ya ce ai don ba ya ji ne. Shi ya sa ake gano shi a makare a yara kurame. Bambancin da ƙwararru ke dubawa shi ne, jaririn da kurma ne kawai idonsa kamar ya cinye fuskarka, yana nuni da yatsa, yana jan hannunka ya nuna maka abu, yana kwaikwayo. In babu waɗannan, ko kuma an kunna na'ura wata shida ko shekara yana sanye da ita kullum amma ba ya neman hulɗa, lokacin bincike ya yi.

Sakamako a nan ya bambanta ƙwarai. Wasu na yin magana, da yawa ba sa yi, ko su yi kaɗan. Ga kuma matsalar da ta keɓanta da su: yaro mai otizim na iya ƙin jinin sauti ko ƙin abu ya taɓa kansa, ya riƙa fizge na'urar yana jifa. Wani lokaci maganin shi ne a rage ƙarfin saitin sosai a riƙa ɗagawa a hankali cikin watanni, a fara da mintuna kaɗan a wuri shiru lokacin abin da yake so. Wasu duk da haka ba sa karɓa, kuma a cikin yaran da kan daina amfani da na'urar gaba ɗaya, masu otizim na da yawa. Ya kamata iyaye su ji wannan kafin tiyata in an riga an san larurar.

Jira ko gaggawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ta ƙwaƙwalwa ce a zahiri. Binciken Anu Sharma da abokan aikinta a farkon shekarun 2000, wanda ya auna saurin amsar ƙwaƙwalwa ga sauti, ya nuna cewa yaran da aka dasa wa kafin shekara uku da rabi amsarsu kan daidaita da ta masu ji, waɗanda suka wuce shekara bakwai kuwa da wuya. Sashen ƙwaƙwalwar da aka tanada don ji ba ya zama a banza, gani da taɓawa na mamaye shi. Shi ya sa kwamitin haɗin gwiwa kan jin jarirai na Amurka ya kafa ƙa'idar a gwada ji kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida.

Yara masu ƙarin larura su ne suka fi faɗowa daga wannan jadawali. Wanda ya yi wata huɗu a kwalba, ko yake jiran tiyatar zuciya, ko farfaɗiyarsa ba ta lafa ba, ba wanda ke ta kunnensa, kuma da gaskiya, rai ne gaba. Gwada jinsu ma ya fi wuya, domin gwajin da ke neman jariri ya juya kai wajen sauti ba ya yiwuwa ga wanda ba ya riƙe wuya ko ba ya ganin abin wasan da ake haska masa. Sai a dogara da gwajin lantarki da ake yi yana barci. Amma akwai jinkirin da ba shi da hujja, wato a ce a bari a ga yadda ƙwaƙwalwarsa za ta kasance tukun. Yaron da koyo ke yi wa wuya shi ya fi buƙatar a fara da wuri, ba shi ya kamata a ƙara wa shekara biyu na shiru ba.

Bayan an ɗinke

Tiyatar kanta awa biyu zuwa uku ce a kunne ɗaya. Kafin ta, ana yi wa yaro rigakafin ƙwayar cutar nimoniya, tun bayan da aka gano a 2002 cewa masu dashe sun fi fuskantar sanƙarau, musamman waɗanda katantanwarsu ba ta ginu daidai ba. Bayan makonni biyu zuwa huɗu a kunna.

Daga nan aikin gaske ke farawa, kuma ga waɗannan yara ƙananan abubuwa ne ke kawo cikas. Saita na'ura na buƙatar sanin ƙaramin lantarkin da yaro ke ji da mafi girman da zai jure a kowane ɗigo. Babba zai faɗa da baki. Yaron da ba ya iya nunawa, sai a auna amsar jijiyar ta cikin na'urar kanta, a kuma zuba ido kan ƙiftawa, tsayawar tsotso, canjin numfashi. A nan uwa ko mai reno ta fi masanin ji sanin ma'anar kowane motsi, kuma masanin da ba ya tambayarta yana aiki da rabin bayani.

Yaron da ke yini a keken guragu mai matashin kai, faifan maganaɗisun na gogar matashin yana faɗuwa sau ba adadi, shi kuma ba zai iya mayarwa ba. Likitan da ya yi tunani tun kafin tiyata zai duba inda kan ke jingina ya zaɓi wurin binne na'urar daidai da haka. Ana amfani da ɗan kwali ko hula mai riƙewa. Ƙara ƙarfin maganaɗisu ba mafita ba ce kullum, yana iya cin fatar yaron da ba zai ce yana jin zafi ba, don haka a riƙa ɗaga gashi ana dubawa. Yaron da aka sa wa bututun janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, irin wanda ake saitawa da maganaɗisu, dole a nisanta su biyun. Wanda kuma zai riƙa buƙatar hoton MRI saboda farfaɗiya ko wata matsalar ƙwaƙwalwa, a sani cewa ko da sabbin na'urori na jure shiga injin, suna jefa inuwa a hoton ɓangaren da suke. Na'urorin yanzu na rubuta awa nawa aka sanya su a rana, kuma wannan lamba kan bayyana abin da ake ta neman dalilinsa a wani wuri.

Sai nauyin da ke kan iyali. Gidan da dama ke zirga-zirga tsakanin likitan ƙwaƙwalwa da mai gashin ƙashi da likitan ido, yanzu an ƙara masa masanin ji da mai koyar da magana, da cajin batir, da sauya wayoyin da yaro ya tauna, har tsawon rai. Iyayen da suka auna suka ce ba za su iya ba a yanzu, ko suka zaɓi maganar hannu kaɗai, ba su yi laifi ba, muddin an ba su cikakken bayani.

Kada a ɗora komai a kan baki

An daɗe ana gaya wa iyaye a wasu wurare cewa su guji maganar hannu don kada yaro ya yi kasala da sauraro. Ko ga yaron da kurma ne kawai ana jayayya kan wannan shawara. Ga yaro mai ƙarin larura kuwa, caca ce da ba ta da dalili. Ba wanda ya san ko zai yi magana da baki. In aka jira shekara huɗu ba ta zo ba, an bar shi shekara huɗu babu kowane irin harshe, kuma wannan rashi na da nasa lahanin ga fahimta da ɗabi'a, wanda daga baya za a ɗora wa larurar.

Hanyoyin suna da yawa kuma ana haɗa su. Maganar hannu ga wanda hannunsa ke aiki. Maganar hannu ta taɓawa, a cikin tafin yaro, ga wanda ba ya gani. Allon hotuna da yaro ke miƙawa ko nunawa, wanda ya karɓi masu otizim da yawa. Kwamfutar hannu mai furta kalma in an danna, har da wadda ake sarrafawa da kallon ido ga wanda ba ya motsa gaɓa. Irin wannan na'ura mai magana ma sai da ji take cika amfani, domin yaron na jin abin da ya danna, yana kuma jin amsar da aka ba shi. Yaro na iya karɓar magana ta kunne ya mayar da ita ta hannu ko ta allo, kuma asibitin da ke rubuta wannan a matsayin gazawar dashe, fom ɗinsa ne ke buƙatar gyara.